Na kwashi adashe, shago zan kama ko inji zan saya?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, yau kwana uku kenan ina juya maganar a raina na kasa tsayawa a kan abu ɗaya.

Ni a Badarawa nan Kaduna nake da aure, shekara uku kenan ina sana'ar kayan gari a cikin gida, garin kunun tsamiya, garin ɗanwake, garin kunun gyaɗa, sai yaji kala biyu na daddawa da na tafarnuwa. Wallahi da tiya biyu ta gero na fara, lokacin ma don in riƙa samun na sabulu da omo ne kawai, ina ƙullawa a farar leda yaran makwabta suna zuwa saye. Da na fara ɗorawa a status na WhatsApp sai ga matan da muka yi makaranta tare suna oda, wannan ta gaya wa waccan, yanzu alhamdulillahi ina da kwastomomi a Malali da Unguwan Rimi da Unguwan Dosa har Barnawa, akwai mata biyu a Abuja da duk wata nake kai musu saƙo tasha a ba direba. Azumin da ya wuce sai da na rufe karɓar oda saura kwana huɗu a ga wata saboda hannuna ya kasa, ni kaɗai ce sai ƙanwar maigida da take taya ni in ta dawo islamiyya.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne niƙa. In na kai wajen mai inji sai in tarar da layi, ko babu wuta, ko kuma ya niƙa min gero bayan ya gama niƙa wa wata barkono, garin kunu ya fito da yaji in rasa yadda zan yi da shi. Akwai ranar da na kai wake da alabo kusan kwano goma, ashe ranar ya canza farantin inji, garin ya fito da ƙasa-ƙasa a baki, da na tankaɗe na ga baƙin ƙarfe a ƙasan rariya, haka na zauna na yi kuka domin ba zan iya sayar wa mutane shi ba.

To yanzu na kwashi adashe dubu 600, ina da wata dubu 150 da nake tarawa, duka dubu 750. Akwai shago a bakin titi kusa da mu, dillali ya ce dubu 350 ne a shekara banda la'adarsa, kuma ya ce in ban yi sauri ba akwai mai POS da yake so. Zuciyata tana son shagon sosai domin a ganina mutane za su fi ɗaukar sana'ar da muhimmanci. Maigida ya ce shi dai inji yake gani ya fi amma ya bar min zaɓi tunda kuɗina ne. Yayata kuma ta ce duk in bar wannan in fara neman lambar NAFDAC in shiga manyan kantuna. Wata ƙawata ta ce in zuba kuɗin a gero da wake tunda kaka ta kusa.

Me zan fara da shi, me zan bari sai gaba? Wannan kuɗin shekara guda na yi ina zubi, ba na son in yi abin da zan dawo ina da-na-sani. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Zahra:

Wa alaikumus salam. 'Yata Allah ya sa wa nema albarka, ya ƙara rufin asiri. Ni shekarata ta haura talatin a kasuwa, a Kasuwar Barci na yi yawancinsu, to bari in faɗa miki abin da zan faɗa wa 'yar cikina.

Kafin komai ɗauko biro da takarda ki yi wa shagon nan lissafi na gaskiya. Haya dubu 350. Dillali zai karɓi nasa, yawanci kashi goma cikin ɗari ne, kin ga dubu 35 kenan. Shagon da za a ba ki fanko ne, sai kin kira kafinta ya buga miki kanta, ki yi fenti, ki canza kwaɗo, wata kila ki gyara ƙofa, ki ja wuta, ki sa allon suna. Sannan kuɗin mai gadi duk wata, kuɗin shara, ga masu haraji da ba sa shiga cikin gida amma ranar da kika buɗe ƙofa a bakin titi za su san da zamanki. In kika haɗa duka da wuya ki tsira a ƙasa da dubu 500 a shekarar farko. Raba dubu 500 gida 365, kusan naira 1,400 kenan kullum, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba, ko ranar suna ce a gidanku, ko yaro ba lafiya kina asibiti, shagon sai ya ci 1,400 ɗinsa. In ribarki a kowace leda naira 200 ce, leda bakwai ta farko kullum ta mai shago ce, ta takwas ce taki. Kuma abin da ya rage miki na sayen kaya dubu 250 ne, shi za ki shimfiɗa a kanta ya yi kamar ba a zuba komai ba.

Sai kuma tambayar da nake so ki amsa wa kanki: waɗannan matan na Malali da Barnawa da Abuja, akwai wadda ta fara saye a wajenki don ta ga ƙofarki a hanya? Ai ta waya suka same ki kuma ta waya za su ci gaba da nemanki. Shago ba zai ƙara miki hannu ba, rage miki zai yi, domin wa zai zauna a ciki lokacin da kike surfe da shanya da tankaɗe? Ke da bakinki kika ce a azumi oda kika rufe. Wanda yake mayar da kwastoma ba kwastoma yake nema ba, hanyar da zai ƙara yawan kayan yake nema.

A 2020 da aka rushe Kasuwar Barci don a sake gini, na kwashe kayana na kai gida na zuba a ɗakin zaure, na ɗauka shi kenan an gama da ni. Abin da ya riƙe ni wani tsohon littafi ne da nake rubuta lambobin mutanen da suke sari a wajena, na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kira ina cewa ga inda nake yanzu. Fiye da rabinsu sun biyo ni har ƙofar gida. Tun daga ranar na daina ganin ginin shago a matsayin kasuwa.

Maganar dillali da mai POS kuwa kar ta ɗaga miki hankali, duk dillali haka yake cewa, kuma ko da gaske ne shago ba ya ƙarewa a garin Kaduna.

Abu na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wajena, kin san ribarki ta gaskiya? Ba abin da ya rage a jaka ba. Ki ɗauki kaya ɗaya, misali garin kunu, ki rubuta kuɗin gero, citta, kanumfari, barkono, kuɗin surfe, kuɗin niƙa, keke zuwa da dawowa, leda, data da katin waya, abin da kika ba ƙanwar maigidanki ko da na kwalli ne, da abin da ya zube ko aka ɗiba aka dama wa yara da safe, sannan ki sa wa kanki lada kamar wata kika ɗauka aiki. Ki auna leda nawa ya fita. Ki yi haka wa duka kala biyar ɗin. Na sha ganin mai sana'a yana ta murna da kayan da ya fi tafiya ashe shi ne yake cinye masa uwar kuɗi, wani can da bai damu da shi ba shi yake ɗauke da gidan. Ki yi wannan ki dawo ki faɗa mana, sai mu san inda za a sa dubu 750.

Ummu Sultan:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ni ina da ja kaɗan, ka yi min afuwa. Ni shago ne ya ɗaga ni wlh. Kayan kicin nake sayarwa a Unguwan Mu'azu, shekara huɗu ina yi a gida kuma abin da na sha Allah kaɗai ya sani, mutum zai buga miki ƙofa ƙarfe goman dare, wata ta shigo har ɗaki ta zauna hira awa biyu ki kawo ruwa ki kawo abinci ƙarshe ta ɗau kaya ta ce sai ƙarshen wata, kuma ba ki iya hanawa don a cikin gidanki take zaune kunya ba za ta bar ki ba. Bashin da ya maƙale min a hannun 'yan uwa da makwabta ya fi kuɗin hayar shekara. Da na koma shago na manna takarda a jikin kanta ba bashi, sai ga shi waɗanda suke ɗauka a gida sun koma biya, sannan maza da ba sa iya shigowa gidan matan aure suka fara tsayawa suna saya wa iyalansu, wannan kasuwa ce babba da mai sana'ar cikin gida take rasawa.

So ni dai 'yar uwa ban ce ki zuba duka kuɗinki a haya ba, amma kar ki cire shago a ranki. In ma ba za ki kama naki ba ki nemi mai shagon provision ɗin unguwarku da wasu biyu ko uku a gaba ki ajiye musu kaya suna sayarwa suna cire nasu, kin ga kin samu bakin titi ba ki biya haya ba. Kuma maganar bashi ki ɗaure fuska tun yanzu, ranar da labari ya fita kin kwashi adashe za ki ga masu zuwa gaisuwa.

Hajiya Maman Iman:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, irin sana'arki nake yi shekara tara yanzu a nan Unguwan Rimi, duk abin da kika lissafa na bi ta kansa har da kukan garin da ƙarfe ya ɓata, don haka zan ɗan tsawaita ki yi haƙuri.

Inji tukuna. Ni na saya, a Panteka aka haɗa min, kuma ban yi nadama ba amma sai da na shekara biyar a sana'a kuma gidanmu na kanmu ne da fili a baya. Ki tambayi kanki abu uku. Gidan haya kike ko naku? Domin ƙarar inji ba wasa ba ce, kuma ranar da kika niƙa barkono duk gidan har makwabta sai sun yi ta tari da atishawa, in gidan haya ne kin jawo wa kanki rigima. Na biyu da me zai tashi? In mai moto ne na wuta kin san halin wutarmu, ranar da kike da oda ranar za a ɗauke, in mai fetur ne kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lissafin ya canza gaba ɗaya, mai niƙa na unguwa yana iya jurewa ne don injinsa yana aiki tun safe har dare da kayan mutane, naki kuwa awa biyu zai yi a kwana uku. Na uku wa zai tayar da shi ya ɗaure bel ya saita faranti? Aikin ƙarfi ne, sai kin ɗau yaro, yaro kuma albashi ne. Sannan inji ɗaya ba zai raba ki da matsalar yaji a garin kunu ba sai dai in kai biyu za ki yi, ɗaya na hatsi ɗaya na yaji.

Ga abin da na yi kafin in sayi nawa kuma shi nake ba ki shawara. Na je na samu mai injin unguwarmu muka zauna da shi da maigidana, muka yi yarjejeniya ranar Litinin da Alhamis bayan sallar asuba ni ce ta farko kafin ya taɓa kayan kowa, ya wanke injin tun dare ya bushe, ina biyansa a wata da ɗan ƙari a kai. Na sayi farantina na kaina, in na zo a ɗaura in na gama a cire in tafi da abina. Sabon faranti ko wanda aka wasa kuma ba a fara zuba masa kayan sayarwa, dusa ake fara bi da ita sau biyu ko uku ta kwashe ƙarfen a zubar. Hatsi a fara, ɗanwake ya biyo, yaji shi ne ƙarshe. Wannan kaɗai ya kashe min rabin damuwata kuma bai ci min ko kwatan kuɗin inji ba.

Inda nake so ki sa kuɗi shi ne abubuwan da ba a ganin girmansu. Sikeli na dijital, ki daina awo da ido ko da gwangwani, kowace leda ta zama giram 500 ko kilo ɗaya cif, da ido kina yi wa kanki asara kina kuma yi wa wata ƙwange ba ki sani ba. Injin like leda, ƙaramin na tebur ya ishe ki. Leda mai kauri mai tsayuwa, da robobi masu murfi na yaji. Sitika mai sunan sana'arki da lambar waya da abin da ke ciki da ranar da aka yi da ranar da zai lalace, da yadda ake damawa ko kwaɓawa, kar ki raina wannan na ƙarshen, akwai amare da yawa da ba su san yawan ruwan da ake sa wa garin ɗanwake ba, in ya narke musu a tukunya ke za su zaga. Manyan robobi masu murfi na ajiya, tebur na aiki, tamfol mai kyau na shanya da raga saboda ƙuda da kaji. Sai mata biyu da za ki riƙa kira aikin tsinta da surfe da tankaɗe kina biyansu a kwano, su ne hannun da kika rasa a azumi.

Ki kula da danshi sosai, daminar Kaduna ba irin ta Kano ko Katsina ba ce, a watan Agusta sai a kwana uku rana ba ta fito da ƙarfi ba, in kika like gari da sauran sanyi a jikinsa sati biyu ya dunƙule ya yi warin fumfuna. Gyaɗa ta fi komai haɗari, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci ki tsince ki zubar kar ki ji tausayin kuɗinki, fumfunar gyaɗa guba ce mai taɓa hanta kuma yara ake dama wa kunun nan. Da damina ki rage yawan abin da kike yi a lokaci ɗaya.

Maganar yayarki ta NAFDAC tana kan hanya amma ba ita ce ta farko ba. Sai kina da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, kafin ma ki fara, kuma za su zo su duba inda kike aikin, suna son wuri na musamman mai tsafta wanda ba a haɗa shi da kwana ko harkar gida ba, da takardar lafiyar masu aikin, su ɗau samfur su kai gwaji, su duba sitikarki, kuma kowane kaya da lambarsa, wato kala biyar ɗinki ba lamba ɗaya za su ci ba. Don haka in lokacin ya yi ki fara da guda ɗaya wanda ya fi kawo miki riba. Manyan kantunan kuma ki sani yawancinsu sai an sayar ake biya, na taɓa kai wa wani kanti kaya na wata biyu ina sintiri kafin kuɗina ya fito, wanda ya kusa lalacewa kuma aka dawo min da shi. Mai jari dubu 750 ba ta da ƙarfin da za ta bar dubu 200 tana kwana a kantar wani.

In kina son wuri ne, maimakon shagon bakin titi ki nemi ɗaki ɗaya a cikin layi ko a gidanku in akwai, ki yi masa tayil da silin da raga a taga ya zama ɗakin aiki kawai, ya fi araha nesa kuma shi ne zai yi miki amfani ranar da za ki nemi lambar.

Abu Ammar:

Anti ni ƙarin bayani ne kawai a kan takardu tunda ina taimaka wa mutane da shi. CAC ɗin da Hajiya ta ambata, rajistar sunan kasuwanci za ki yi ba kamfani ba, ita ta fi sauƙi da araha kuma ta intanet ake yi a shafinsu, abin da ake buƙata NIN, hoton fasfo, sa hannunki, adireshi, lambar waya da imel, sai sunan da kike so, ki tanadi guda biyu ko uku don in wani ya riga ki. Ki tabbata lambarki da imel ɗinki aka sa ba na wanda ya yi miki ba, mutane da yawa sai sun tashi gyara wani abu suke gane ba su da hanyar shiga. Kuma ki sani duk shekara akwai bayanin da ake mayar musu da ɗan kuɗi, in aka bari yana taruwa da tara.

Da takardar za ki buɗe asusu da sunan sana'ar, ko a banki ko irin su Moniepoint da OPay. Wannan ki yi shi ko da ba ki yi komai ba, duk kuɗin ciniki ya shiga can, ki yanka wa kanki albashi a wata ki tura asusunki na kanki, cefane da anko da biki daga can za su fita. Amfaninsa na biyu duk ranar da kika je neman jari abin da za a fara tambaya bayanin shige da ficen asusu ne na watanni, ba surutu ba. SMEDAN ma, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, suna rajistar masu ƙananan sana'a ta intanet, ba laifi ki yi.

In kina gudun bashi mai ruwa akwai bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019, suna da tsarin murabaha, wato su sayi abin da kike buƙata kamar inji su sayar miki da ƙarin da kuka amince tun farko ki biya a hankali. Amma a yanzu ban ga kina buƙatar bashi ba sam.

Dan Allah ki guji abu biyu, manhajojin bashi na waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar, ruwansu yana da yawa kuma wasu in kika makara mutanen da ke cikin wayarki suke bi da saƙo, da kuma masu turo link a group wai tallafin gwamnati ki biya kuɗin fom ko ki turo BVN da lambar da aka turo miki. Kar ki ba kowa lambar nan ko da ya ce daga banki yake.

Maman Hanif:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da gidan aljanna. Baba na yi lissafin da ka ce jiya da daddare bayan yara sun kwanta, sau biyu ina maimaitawa don ban yarda da abin da na gani ba. Garin kunun gyaɗa da nake ganin shi ne gaba ashe da na sa ladan aikina da gawayin suya da abin da nake tsincewa in zubar kusan babu komai a ciki, dole in ƙara masa kuɗi ko in koma yinsa sai an yi oda. Yajin daddawa da garin ɗanwake su ne suke riƙe da ni. Sannan na buɗe littafin bashi na haɗa, dubu 83 ne a waje, Ummu Sultan kamar kina gidanmu, fiye da rabi a hannun dangi yake.

Shago na haƙura da shi bana, na kira dillalin na gaya masa. Akwai ɗakin da muke zuba tarkace a tsakar gida, gidan na su maigida ne, ya ce in gyara shi. Hajiya gobe insha Allah za mu je wajen mai injin ni da shi, dan Allah in ba damuwa ki faɗa min inda kike sayen leda mai tsayuwar a sari, nan Kasuwar Gumi ake samu ko sai an aika Kano? Malam Abu Ammar CAC ɗin ma zan yi cikin watan nan.

Saura maganar hatsi, in na cire gyaran ɗaki da sikeli da injin like da leda ina ganin dubu 400 za ta rage, in zuba ta duka a gero da wake da citta in kaka ta yi?

Baban Zahra:

A'a 'yata, ba duka ba. Sayen kaka yana da kyau ga mai sarrafawa irinki amma ki sayi abin da za ki niƙa ne daga nan zuwa bayan sallah, ba don ki ɓoye ki jira tsada ba. Waɗanda suka cika sito da masara a kakar 2024 suna jiran ta ninka, da yawansu sun sha kashi da farashi ya sauko a 2025, na san masu kuka har yau. Citta kuma tun cutar da ta faɗa wa gonakin Kudancin Kaduna a 2023, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, kuɗinta ya tashi sosai, ke kuma kaɗan kike sawa, ki sayi daidai buƙata kawai.

Wake shi ne abin tsoro saboda ƙwari. Kar ki yarda a zuba miki maganin feshi ko ƙwaya a cikin abin da mutane za su ci, ki nemi buhun PICS wajen masu kayan noma, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ki tabbata waken ya bushe ƙarau in kin ciza yana ƙara, ki matse iskar ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango, kuma kar a riƙa buɗewa ana ɗiba, buhun da kika buɗe ki ƙarar da shi. In za ki aika a sayo miki daga kasuwannin ƙauye ko Dawanau ki haɗa da wata ku raba kuɗin mota, kuma a zazzage buhu a gabanki ko gaban wanda kika yarda da shi, don wani buhun samansa ne kawai mai kyau.

Rabin kuɗin ya isa hatsi. Dubu 100 ki bar ta a asusun sana'a ta leda da ladan masu aiki da kuɗin mota in azumi ya matso, ɗayar dubu 100 kuma ki manta da ita kamar babu, ta ranar da wani abu zai lalace ce. Bashin dangi ki fara bi tun wannan satin da lalama, wadda ba ta da duka ta kawo rabi, kuma kar ki ƙara ba wadda ba ta biya na baya ba.

Hajiya Maman Iman:

Ana samun ledar a nan Kasuwar Gumi wajen masu kayan leda da robobi, ki fara da ɗari biyu ko uku ki gwada da injinki ki ga tana kamawa kafin ki sayi katon, wata ledar in ta yi kauri da yawa ƙaramin inji ba ya like ta da kyau, ki tafi da garinki kaɗan ki zuba ki ga girman da ya dace da rabin kilo. Sitika kuma kar ki buga da yawa a karon farko tunda sunan bai fito daga CAC ba tukuna, ki bar gurbin kwanan wata fari ki riƙa rubutawa da maka.